YAYEN MALAMIN MOTSA JIKI: Tarihin Kolejin Dartford da Abin da Ya Ke Koya Mana

1. Gabatarwa

A ƙarshen kowace shekarar karatu kolejojin horon malamai su kan yi bikin yayen ɗalibai. A tara iyaye da manyan gari, a yi jawabai, a miƙa takardun shaida, kowa ya kama hanyar gida. Daga wannan rana koleji ta kan ɗauka ta sauke nauyin da ke kanta. Nufina a wannan maƙala shi ne in nuna, ta hanyar tarihi, cewa game da ɗalibin da ya karanci ilmin motsa jiki nauyin bai sauka ba tukuna. Malamin lissafi da malamin Hausa sun san akwai aji da allo da awoyi a cikin jadawali suna jiransu. Shi kuwa malamin motsa jiki sau da yawa ya kan isa makaranta ya tarar ba fili, ba kayan aiki, ba kuma wanda ya ɗauki abin da ya karanta a bakin ilmi.

Ita kanta kalmar yaye ta isa a tsaya a kanta. Daga renon yara aka aro ta. In za a yaye yaro ba a kan raba shi da nono a ƙyale shi ba. A kan kai shi gidan kakarsa, a tanadi abin da zai ci, a yi ta lallashinsa har ya saba. Haka nan a wajen sana'a. In yaron maƙeri ko na maɗinki ya ƙware, ubangidansa ya kan haɗa masa kayan aiki, ya nuna masa wurin zama, ya riƙa tura masa masu ciniki har ƙafarsa ta tsaya. Watau yaye ya ƙunshi abu biyu, rabuwa da kuma tanadin inda za a je.

Misalin da na zaɓa daga Ingila ya ke, tsakanin 1885 da 1915, inda wata mace 'yar ƙasar Suwidin, Martina Bergman-Österberg, ta ƙago sana'ar malamin motsa jiki a ƙasar da ba a san ta ba. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, manhajar da ta iso makarantunmu a zamanin mulkin Turawa daga wannan tsatso ta fito.

2. Tushen abin a Suwidin

Per Henrik Ling (1776 zuwa 1839) malamin wasan takobi ne a Jami'ar Lund. Ya tashi a lokacin da ƙasarsa ta ke cikin rauni, gama a 1809 Rasha ta ƙwace mata Finland. A 1813 gwamnati ta yarda masa ya buɗe babbar makarantar horon malaman motsa jiki a Stockholm, wadda har yau tana nan, ko da ya ke ta sake suna.

Ling ya kasa motsa jiki kashi huɗu: na tarbiyya, na magani, na soja, da na nuna kyawun motsi. Abin da ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi shi ne, a wurinsa kowane motsi sai yana da dalili a cikin ƙirar jikin ɗan Adam. Ba a ce wa yaro ya ɗaga hannu don kawai a ga layi ya yi kyau. Sai malami ya san tsokar da ta ke aiki, da amfanin da ƙirji ko gadon baya zai samu. Ɗansa Hjalmar Ling shi ya tsara darussan makaranta daki-daki, a fara da mai sauƙi, a hau zuwa mai wuya, a sauko da mai kwantar da numfashi. A 1864 makarantar ta fara karɓar mata.

Abin lura a nan shi ne, tun da ya ke an ɗora aikin a kan ilmin jiki, ba mai iya koyar da shi sai wanda ya zauna ya yi karatu. Da haka mai koyar da motsa jiki ya shiga sahun masu ilmi.

3. Zamanin saje a Ingila

A Ingila ta wata hanya aka bi. A 1860 rundunar soja ta aika da hafsa ɗaya da ƙananan hafsoshi 12 zuwa Oxford wajen Archibald MacLaren don su koyi atisaye, daga nan aka kafa sashen horon jiki na soja a Aldershot. Sa'ad da aka yi dokar ilmi ta 1870, wadda ta kafa hukumomin makarantun elementare, sai aka juya wajen soja neman masu koyarwa. Ƙa'idar 1871 ta yarda a lissafa rawar soja a cikin lokacin makaranta ga yara maza, muddin ba ta wuce awa 2 a mako da awa 40 a shekara ba. Ladan saje kuwa sisi ne a yini, da kwabo guda a kan kowane mil da ya taka.

Wannan lada ya isa ya nuna matsayin aikin. Saje baƙo ne a makaranta, ba ya cikin malamai, ba a shawara da shi. Abin da a ke nema gare shi ladabi ne da bin umurni: a jeru, a juya dama, a juya hagu, a tsaya cik. Ba a ko ambaci 'yan mata ba.

Ta wannan giɓi tsarin Ling ya shigo. A 1878 Hukumar Makarantun Landan ta ɗauki wata 'yar Suwidin, Concordia Löfving, don ta horar da malamai mata na makarantun 'yan mata da na ƙananan yara. A 1881 Martina Bergman ta gaje ta. An haife ta a 1849 a kudancin Suwidin, ta kuma yi shekara 2 a makarantar Ling. A cikin 'yan shekarun da ta yi wa hukumar aiki ta horar da malamai fiye da 1,000, tsarin ya shiga makarantu kusan 300. A 1886 ta auri Edvin Österberg, daga nan aka san ta da Madam Österberg.

Duk da wannan nasara ba ta gamsu ba. Malaman da ta ke horarwa malaman aji ne, sun gaji da aikin yini kafin su zo wurinta, abin da su ke ɗauka kuwa jerin motsi ne ba tare da dalilinsa ba. Ta ga cewa muddin motsa jiki ƙari ne a kan aikin wani, ba zai taɓa samun mai shi ba.

4. Hampstead da Dartford

A 1885 ta buɗe kolejinta a unguwar Hampstead ta Landan da ɗalibai 4. Ita ce koleji ta farko a Ingila inda ɗalibi zai zauna ya karanci motsa jiki kaɗai, ya fita da shi a matsayin sana'a. A 1895 ta mai da ita Dartford, a gundumar Kent, a wani gida mai fili eka 14. In an duba yadda ta tafiyar da ita za a ga abubuwa biyar, kowanne kuwa ya shafi ranar da ɗaliba za ta fara aiki.

Na farko, ta san inda ɗalibanta za su tun kafin ta ɗauke su. A wannan zamani makarantun sakandare na 'yan mata suna ta ƙaruwa a Ingila, alhali kuwa waɗansu likitoci suna cewa karatu mai zurfi zai lalata lafiyar mace. Shugabannin makarantun suna neman wadda za ta tsare lafiyar 'yan matan don a rufe bakin masu suka. Madam Österberg ta ga wannan gurbi, ta shirya mutanen da za su cika shi. Da ma an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, ta tsananta wajen zaɓe. Ba ta ɗaukar yarinya sai mai ƙoshin lafiya, mai ilmin sakandare, mai natsuwa, wadda kuma ta ga ba za ta kai ba ta kan sallame ta tun kafin kwas ya ƙare. Hujjarta ita ce, malamar da za ta zauna ɗaki ɗaya da masu digiri dole ta iya magana da su kafaɗa da kafaɗa.

Na uku, kwas ɗin shekara 2 ne cur, kuma rabinsa karatu ne. Ana koyar da ilmin ƙirar jiki, da na yadda gaɓoɓi su ke aiki, da kiwon lafiya, da tausa, da motsa jiki na magani don gyaran yara masu karkataccen baya ko shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa. Sabo da haka ɗalibar Dartford in ta je makaranta ba a fili kaɗai a ke ganinta ba. Ita ke auna yara, ita ke lura da zamansu da tsayuwarsu, ita ke taimakon likitan makaranta. Wannan ya sa cire ta daga makaranta ya yi wuya.

Na huɗu, ba ta bar gwajin koyarwa sai ƙarshe ba. Ɗalibai su kan koyar da junansu, su kan kuma koyar da yaran makarantun da ke kusa, malamai na kallo, a dawo a yi musu gyara, har a kan murya da yadda a ke ba da umurni. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili gaban yara masu yawa ya san riƙe su ya fi riƙe aji wuya, gama ba bango, ba benci, iska kuma tana ɗauke magana.

Na biyar, ta tsaya a kan albashi. Ta nemi a biya ɗalibarta fam 100 a shekara tun daga farko, abin da ya fi na yawancin malamai mata na elementare a lokacin. Tun da ya ke masu nema sun fi waɗanda ta ke yayewa yawa, sai makarantu suka biya. Mai kaya shi ke faɗin kuɗin kayansa. In ya karyar da kansa ba mai ɗaga masa.

Akwai kuma wata hikima da ya kamata a ambata. Tsarin Ling bai ƙunshi wasannin ƙwallo ba, amma Ingilishi mutane ne masu son wasa, makarantunsu kuma suna neman wadda za ta koyar da shi. Maimakon ta ce ba haka a ke yi a Stockholm ba, sai ta shigo da kurket da hoki da tanis da iyo a cikin kwas. Ƙwallon kwando, wadda James Naismith ya ƙago a Amurka a 1891, ta iso kolejinta ba da jimawa ba, ɗalibai suka yi ta sake mata fasali har ta zama wasan netbol. Hatta tufafi an duba. A cikin shekarun 1890 wata ɗaliba mai suna Mary Tait ta tsara wata riga marar hannu mai faɗi, wadda a ke sawa a kan taguwa, ta ba jiki damar motsi ba tare da an keta mutunci ba. Daga baya ta zama rigar makarantun 'yan mata a ƙasashe da yawa.

Ba a daɗe ba kolejin ta haifi waɗansu. Rhoda Anstey, tsohuwar ɗalibarta, ta buɗe tata a 1897; Margaret Stansfeld, wadda ita ma ta koya a hannunta, ta buɗe ta Bedford a 1903. An buɗe ta Chelsea a 1898, ta Dunfermline kuma a 1905.

Kada mai karatu ya zaci ba ta da aibi. Kolejin ta masu hali ce, gama sai mai iya biyan kuɗi ke shiga, ɗalibanta kuma makarantun masu hali su ke tafiya. 'Ya'yan talakawan Landan, waɗanda ta fara aiki a cikinsu, sun koma hannun malamin aji da saje. Ta sayi darajar sana'ar da ƙuntata ta. Wannan ciniki ne da kowace ƙasa ta kan fuskanta: ko a horar da kaɗan sosai, ko a horar da masu yawa sama-sama.

5. Rikicin 1899

A nan ne tarihin ya fi koyar da mu ma'anar yaye. Ɗalibar da ta fita daga Dartford ta kan sami kanta ita kaɗai a makarantarta, ba wani mai irin aikinta da za ta tambaya. A 1899 waɗansu tsofaffin ɗalibai, a kan gabansu Mary Hankinson, suka taru a Landan suka kafa Ƙungiyar Ling. Nufinsu shi ne su haɗa kan waɗanda suka sami cikakken horo, su buga jerin sunayensu don makarantu su bambanta su da 'yan karambani, su kuma riƙa shirya kwas a lokacin hutu. Suka roƙi Madam Österberg ta zama shugabarsu.

Ta ƙi. Ba ta so a yi abin ba da izninta ba, ba ta kuma so a haɗa ɗalibanta da na wani wuri. A 1900 ta kafa tata ƙungiya ta tsofaffin ɗalibai. Uwa ce wadda ta tanadi kome don yaye, amma da ranar ta zo ta kasa sakin ɗan.

Tarihi ya ba ɗaliban gaskiya. Ƙungiyar Ling ita ta buga dokokin netbol na farko a 1901, ita ta riƙa kai wa gwamnati kuka a kan horo da albashi, ta kuma rayu bayan wadda ta ƙi ta. A 1956 ta sake suna ta zama ƙungiyar malaman motsa jiki ta ƙasar baki ɗaya, a 2006 kuma ta haɗu da wata suka zama ƙungiya guda. Madam Österberg ta rasu a 1915, bayan ta miƙa kolejin ga amintattu don amfanin ƙasa. Ita kolejin an haɗe ta da wata babbar makarantar fasaha a 1976. Ginin koleji ya kan sake hannu. Abin da ya riƙe sana'ar shi ne zumuncin masu yin ta.

6. Yadda maza suka makara

Ta wajen maza labarin ya sha bamban. Yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Boer a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, ya tona asirin lafiyar talakawa, gama an mai da masu neman shiga soja da yawa gida sabo da raunin jiki. Maganin da Hukumar Ilmi ta fara kawowa shi ne manhajar 1902, wadda aka ɗebo daga littafin atisayen soja. Malamai suka yi ta suka, aka sake ta a 1904. Bayan an naɗa George Newman babban likitan hukumar a 1907, manhajar 1909 ta koma kan tsarin Suwidin, ta 1919 ta ƙara wasanni, ta 1933 kuma ta fi su duka sakin jiki da ba yaro damar motsi.

Manhaja ta gyaru, amma mai koyar da ita fa? Namijin da ya ke son ya ƙware sai ya tafi Suwidin ko Denmark, in ba haka ba makarantu su ɗauki tsohon soja. Ba a sami koleji mai ɗorewa ta maza a Ingila ba sai 1933, da aka buɗe ta Carnegie a Leeds, watau shekara 48 bayan Hampstead. Ta Loughborough ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1930. Jami'ar Birmingham ce ta fara sa motsa jiki a cikin darussan digiri a 1946. A duk tsawon wannan lokaci malamar motsa jiki tana cin abinci tare da malamai, takwaranta namiji kuwa ana lissafa shi da ma'aikatan fili. Aikinsu ɗaya ne. Bambancin yana ga yadda aka yaye kowannensu.

7. Abin da ya iso ƙasarmu

Abubuwa uku suka ƙetaro teku zuwa Nijeriya. Na ɗaya rawar soja ce, wadda a makarantun farko sau da yawa tsofaffin sojoji da 'yan sanda ke koyarwa. Na biyu wasannin makarantun manyan Ingila ne. A Kolejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗewa a 1922, ana buga kurket da wata ƙwallon bango ta tafin hannu da Turawa su ke kira fives, wadda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya shahara da ƙaunarta. Masu koyar da waɗannan malaman aji ne da suka buga su tun suna yara, ba wanda ya karance su. Na uku manhajar 1933 ce, wadda aka yi ta aiki da ita a kolejojin horon malamai har cikin shekarun 1950.

Abu na huɗu, watau kolejin da za ta yaye gwanin aikin, shi ya makara. Waɗanda suka fara ƙwarewa, irin su Harding Ekperigin na Jihar Yamma, sai da suka je Loughborough. A 1957 ne Kolejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya ta fara kwas na musamman don malaman motsa jiki, shekara 72 bayan Hampstead. A farkon shekarun 1960 Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta fara ba da digiri a fannin, manyan kolejojin horon malamai da aka kafa bayan rahoton Ashby na 1960 su ma suka ɗauke shi. Watau mun gaji tafarkin mazan Ingila, ba na matansu ba: littafi ya riga malami zuwa, saje kuma ya riga su duka.

Harshe ma ya riƙe wannan tarihi. Mun kira abin rawar soja, mun kira shi wasanni, mun kira mai shi malamin wasa. A Hausa kuwa wasa kishiyar gaske ce. Mu kan ce ba da wasa na ke ba, mu ce wane yana wasa da aikinsa, mu ce abin ya wuce wasa. Uban da ya ji an ce ɗansa ya shekara 3 a koleji ya fito malamin wasa ba zai yi murna ba, shugaban makaranta kuma ba zai ji nauyin ɗauke awar wasa ya ba lissafi ba. Na taɓa tarar da wani saurayi a wata makaranta, ya fito da sakamako mai kyau a wannan fanni, amma aikinsa shi ne buga ƙararrawa, da tsare masu makara a bakin ƙofa, da cike gurbin duk malamin da bai zo ba. Ba a tuna da abin da ya karanta sai gasar shekara ta matso. Ya ce mini ba wanda ya taɓa faɗa masa a koleji cewa haka zai tarar.

Akwai wata matsalar harshe da ta fi wannan zurfi. Ɗalibi ya karanci jiki da Turanci, amma yaran da zai koyar da iyayen da zai yi wa bayani da Hausa su ke ji. Kalmar jijiya ita kaɗai tana ɗauke da hanyar jini, da wadda ta ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi. In yaro ya faɗi a fili, malami yana bukatar ya bambanta targaɗe da gocewar ƙashi da tsagewa da karaya, ya kuma iya faɗa wa uba dalilin da ya sa wannan na asibiti ne. Hausa tana da kalmomin, maɗora da wanzamai da mahauta sun san su. Abin da ya rage shi ne a tattara su, a daidaita ma'anarsu, a sa su a hannun ɗalibi kafin ya fita. Wannan aikin sassan Hausa ne, ba na wani ba.

8. Kammalawa

Ba na cewa a kwaikwayi Dartford yadda ta ke. An yi ta don 'ya'yan masu hali na wata ƙasa a wani zamani, tsarin Ling kansa an daɗe da barinsa. Abin ɗauka shi ne tambayar da mai kolejin ta yi wa kanta: ina wannan ɗaliba za ta, me za ta tarar, da me kuma za ta tsaya da ƙafarta?

In malaman kolejojinmu suka yi wa kansu wannan tambaya, ina ganin abubuwa biyar za su biyo baya. A kai ɗalibi gwajin koyarwa a makarantar da ba ta da kome, ba a wadda ta fi kowace kayan aiki ba, don ya koyi tafiyar da darasi da igiya da toka da ƙwallon tsumma. A sa wasanninmu a cikin kwas da gaske, kamar yadda aka sa kurket a Dartford. Langa ba ta bukatar ko kwabo, ga ta kuwa da horon ƙafa da numfashi da daidaita jiki, kokawa tana da ƙa'idodinta, gaɗa kuma motsa jiki ce da iyaye mata suka riga suka sani. A ƙarfafa ilmin lafiya da taimakon farko, da Hausa da Turanci, don malamin ya zama wanda makaranta ba ta iya rabuwa da shi. A himmantu ga horon mata, gama tarihin nan ya nuna iyaye sun saki jiki ne sa'ad da mace ta koyar da mace, a cikin tufafin da suka yarda da su. A ƙarshe, koleji ta bi sawun ɗalibinta a shekararsa ta farko, ta san inda aka tura shi da aikin da aka ba shi, ta haɗa shi da waɗanda suka riga shi fita, in kuma suka tashi kafa ƙungiyarsu ta sa musu albarka, kada ta maimaita kuskuren 1899.

Takardar shaida rabin yaye ce, watau rabuwa. Sauran rabin, tanadin inda za a je, yana nan a wuyan waɗanda suka yi horon. Ina fata malaman da suka fi ni sanin fili za su duba wannan magana, su gyara inda na kauce, su ƙara inda na gaza. Allah ya sa mu dace.